Hoton Sama a Fastar Malam Sahabi

Ku da kuke zama gaban kwamfuta kuna jan hoto da yatsa, ku ɗauke shi nan ku aje can, kuna ganin buga fasta wasa ne. Jiya ma ɗayanku ya ce mani cikin minti goma zai haɗa fastar ɗan takara. Ban musa ba, haɗawa kam ya iya. Amma ban ji ya ce ya san wa zai aza a sama ba, kuma nan aikin yake. Ni Umaru Mai-ɗab'i, shekara talatin da ɗoriya ke nan ina bakin tashar Wurno, kuma daga Rabah har Goronyo babu bangon da takardata ba ta taɓa mannewa ba. Ku zauna ku ji.

Aikin farko da anka bar ni na taɓa a shagon maigidana Alhaji Mamman, cikin birnin Sakkwato, wankin rola ne, wadda ke shafa tawada a inji. Tsumma da kananzir, safe da yamma, har wata shida. Daga nan anka ba ni wuƙar yanka takarda, sannan haɗa tawada. Sai da na shekara biyu kafin ya bar ni na ɗaura faranti a inji. Injinmu launi guda shike bugawa, don haka takarda sau huɗu take wucewa: shuɗi, ja, ɗorawa, baƙi. Kowane launi da farantinshi, wato siririn ƙarfe mai ɗauke da zanen. In faranti guda ya goce da kaurin gashi, fuskar mutum ta lalace. Na taɓa fitar da wani ɗan takarar kansila da ido huɗu. Alhaji bai buge ni ba. Ya ɗauki guda ya manna a bango daidai inda nake tsayawa, ta shekara nan ina kallonta.

Kakar zaɓe ta farko da na yi hannunshi, ina shirya fastar wani mai neman majalisa, na ɗora hoton ɗan takarar shugaban ƙasa bisa kore mai kyau a kusurwar dama. Alhaji ya leƙo ya girgiza kai.

"Umaru, wanga na sama, kullum ka aza shi bisa hwari."

"Don mi, Alhaji? Koren ya hi kyau."

"Don ran da mai hwasta yac ce a hidda shi, ka goge, wurin ya zamna hwari ba tabo. Kuma ka riƙe wanga: ana goge abu daga hwaranti, amma ba a maishe shi."

A lokacin ban gane dalilin da zai sa mutum ya cire ɗan takarar jam'iyyarshi ba. Da na buɗe nawa shago na gane.

Ɗan takarar majalisa mutum ne mai iyayengiji biyu: jam'iyyar da ta ba shi tikiti, da mutanen da za su dangwala. Shekarar da na sama ke da farin jini, ba ka da wahala. Kowa na son a ƙara mashi girma. Wani daga Rabah ya taɓa sa ni na ƙanƙanta nashi hoton har sai ka matso kake ganin shi, don a shekarar mutane sak suke cewa za su yi, jam'iyya guda daga sama har ƙasa. Ko yawon ƙauyuka bai yi sosai ba, kuma ya ci. Wahalar tana zuwa shekarar da kunka fara ji a tasha ana cewa wake da shinkafa za a yi, a zaɓi wannan nan, a zaɓi wancan can. To a nan za ka ga manyan mutane sun kasa zama. Wani zai ce a rage hoton ya koma kamar ƙwayar goro. Wani ya ce a sa alamar jam'iyya kawai. Wani ya maye gurbin da hoton ubangidanshi na siyasa. Masu neman majalisar jiha sun fi samun sauƙi, tunda zaɓensu na zuwa bayan na shugaban ƙasa, sai su buga kaɗan su jira sakamako. Amma mai neman majalisar tarayya rana guda ake zaɓensu da na sama, ba shi da wurin laɓewa.

Kuma duk za su tambaye ka. Wane ya sa? Wane ya cire? Suna sauraren inda gwamna ya karkata, suna aika a dubo masu ko ana yage fastoci a kasuwa, suna jin ta bakin direbobi da shugabannin mata, sannan su zo su ji ta bakin mai ɗab'i, don shi ke ganin takardar kowa kafin ta fita. In ka faɗa wa guda abin da wani ya buga, ka rufe shagonka da hannunka.

Aikin da ya jawo mani shekarata mafi muni na Malam Sahabi ne. Mutumin Rimawa ne, tsohon malamin gona, ya yi shekaru yana yawo fadamun Goronyo yana koya wa manoma sa taki da zaɓen iri. Da ya aje aiki mutane sunka matsa mashi ya tsaya majalisar tarayya, kuma ya samu tikiti. Dogo ne siriri, ba shi da kwaramniya. A shekarar hanya ba lafiya, mutane da yawa sun bar gonakinsu na nesa, man da ake zuba wa injin ban ruwa ya yi tsada. Ko da gaskiya ko babu, mutane sun ɗora laifin ga masu mulki, kuma ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Malam cikinsu ake lissafa shi.

Ran da ya fara zuwa tare suke da Alhaji Ɗan'ige, ciyaman ɗin jam'iyya na ƙaramar hukumarsu. Shi Ɗan'ige mutum ne mai sanyin murya, ba ka taɓa jin ya ɗaga ta. Na nuna masu zanen. Ya aza yatsa a kusurwar dama.

"Ƙara mashi girma, Umaru. Ya kai rabin na Malam."

Na dubi Malam Sahabi. Yana tsaye bakin ƙofa, ya fita ya dawo, ya sake fita ya dawo.

"Malam, haka ya yi?"

"Abin da Ciyaman yac ce," in ji shi, bai ko dubi zanen ba.

Washegari na shiga mota Sakkwato, don can ake raba launi a fitar da faranti. Na dawo da huɗu naɗe cikin kwali. Na ɗaura na shuɗi, na ta da janareta, na jiƙa rola, sai waya ta yi ƙara. Malam ne.

"Ka hwara?"

"Yanzu za ni hwarawa."

"Dakata. Gobe da sahe in zaka in ɗauke ka, akwai bangon da nika so ka auna mani a Taloka."

Bango kam akwai shi, na auna cikin minti biyar. Amma ba shi ya kai mu ba. Malam ya bar motar bakin hanya munka gangara fadama da ƙafa. Lokacin cirar albasa ne, an tara ta tuli-tuli ƙarƙashin rumfunan kara. Kowa ya san shi. Wannan ya riƙe hannunshi, wancan ya jawo shi ya nuna mashi ganyen da ya yi ɗorawa. Har munka isa wurin wani dattijo, Baba Audu, yana zaune bisa buhu yana yanke ganyen albasa da 'yar wuƙa. Malam ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, na zaka in ji gaskiya. Mi mutane ka cewa?"

Tsohon bai bar yankan ba. "Kai mun san ka, Malam. Ka sha ruwan randarmu. Amma wancan da kuka yawo da shi, mu ba mu san shi ba, sai abin da munka gani. Ɗiyana biyu sun bar gonarsu ta tudu shekara biyu ke nan. In kaz zo da shi bisa kanka, mi za ni ce ma mutane?"

"In na zaka ni kaɗai fa?"

"In kaz zo kai kaɗai, maza su saurare ka. Mata kau ban sani ba. Sun ce takarda ukku za a ba su, duk alama iri guda, ba hoton kowa. In sun ƙi guda sun ƙi duka."

Malam ya miƙe. Daga nan munka bi ta Boyekai. Jam'iyya ta riga ta manna fastocin na sama a jikin rumfunan kasuwa. Ban ga guda mai fuska ba, duk an kankare da tsinke ko an shafe da taɓo. Malam ya tsaya gaban guda ya daɗe yana kallo.

A hanyar dawowa sau biyu yana tsayar da mota ba dalili. Wayarshi na ta ƙara, sunan Ciyaman na fitowa, bai ɗauka ba. Yana magana, amma ba da ni ba. In ya bar hoton, jam'iyya za ta ba shi motocin yawo, ta sa mashi ejan a kowace rumfar zaɓe, ran da gwamna ya zo a ɗaga hannunshi bisa dandamali. In ya cire, duk wannan ya tafi, kuma mutum ba ya tsare ƙuri'arshi ba ejan. Amma ejan mi zai tsare in ba a zuba ba? Haka ya yi ta juya ta har munka hango Wurno.

"Umaru, kai mi kag gani?"

"Ni mai ɗab'i na, Malam. Abin da kac ce shi nika bugawa. Sai dai ka sani, in na goge ba ya dawowa."

Munka tsaya ƙofar shago. Ya kashe mota.

"Goge."

Ku da ke danna maɓalli abu ya ɓace, ku sake dannawa ya dawo, ba ku san wannan ba. Akwai wani ruwa cikin 'yar kwalba, da ɗan buroshi kamar na kwalli. Ka shimfiɗa faranti bisa tebur, ka shafa ruwan daidai wurin da kake son cirewa, ka jira, ka wanke da soso. In ɗigo guda ya faɗa bisa fuskar mai fasta, faranti ya tashi aiki. Na fara da shuɗi, sannan ja, sannan ɗorawa. Malam yana tsaye kaina yana numfashi. Da na zo kan baƙi, wanda ke riƙe da ido da gira, na ɗaga buroshin na dube shi. Ya gyaɗa kai. Na shafa.

Kwana uku ina bugawa. Fasta ta fito tsaf, Malam da hularshi, alamar jam'iyya a ƙasa, kusurwar dama fara fat. Cikin aikina ban fitar da wadda ta fi ta ba. Anka manna ta Rimawa, Taloka, Boyekai, har cikin garin Goronyo. Labari ya riƙa zuwa mani ta bakin direbobi cewa ba a yage ko guda ba. Amma kwana huɗu kawai ta yi. Wani ya ɗauki hotonta da waya ya tura Sakkwato, anka ce Malam Sahabi na yi wa jam'iyya zagon ƙasa.

Ranar Laraba da hantsi Alhaji Ɗan'ige ya shigo shi kaɗai. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya zauna bisa damin takarda.

"An kira Malam Sakkwato jiya," in ji shi. "An ce ko ya yi bayani ko a dakatad da shi. Yac ce shi hoto biyu yab ba ka. Yac ce kai kay yi kuskure."

"Malam yac ce haka?"

"Gaban manya. Ina wurin."

"Alhaji, kuskure ba ya goge hwaranti huɗu."

"Na sani, Umaru. Su ma sun sani. Amma dole wani ya ɗauka, kuma kai ba ka takara." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Na hana yara, ban san ko sun ji ba. Ka ruhe da wuri yau."

Ban rufe ba, don akwai katin biki a inji kuma na yi alkawari. Bayan la'asar yaran jam'iyya sunka zo cikin mota biyu. Ba su taɓa jikina ba. Sun ce 'yan adawa sun saye ni. Sunka jawo takardu waje sunka watsa cikin kwata, sunka kifar da gwangwanayen tawada. Guda ya ɗebo yashi a kwano ya zuba tsakanin rola da haƙoran inji, sannan ya danna maɓalli. Ƙarar da injin ya yi har cikin tasha anka ji ta. Wani ya fito da ashana, sai Malam Bala mai shayi, maƙwabcina, ya zo da direbobi sunka tsaya tsakani. Da ba don su ba, da ba ni da abin nuna maku yau.

Na kira Malam Sahabi sau biyu. Ta yi ƙara har ta katse. Ban sake kira ba.

Kuna tsammanin 'yan adawa za su kawo mani aiki tunda an ce nasu ne ni? Ko guda. Su ma cewa sunka yi mai ɗab'in da ke goge fuska ba abin yarda ba ne. Kakar zaɓe ita ce kakar mai ɗab'i, kamar yadda manomi ke jiran girbi, kuma tawa ta wuce ina zaune ƙasa da sifana a hannu. Na kwance injin gaba ɗaya. Kowane ƙarfe na sa mashi lamba da alli na jera bisa tabarma, na wanke da kananzir, na tace kananzirin da ƙyalle, na sake wankewa. Yashi ba ya fita sau guda. Ka ɗauka ka gama, ka juya da hannu, ka ji ƙaras. Rola uku sun yage, sai Kano anka sake zuba masu roba. Da safe nakan je fadama in taya yayana aikin tafarnuwa don gida ya ci, da rana in dawo kan ƙarfe. Wata biyar kafin injin ya sake fitar da takarda mai tsabta.

Shi kuwa Malam, a Sakkwato anka buga mashi sabuwar fasta, na sama ya kusa kai girmanshi. Anka bi anka manna ta bisa tawa. Tawa ta ɗan fi faɗi, sai gefenta ya riƙa leƙowa, kuma a Taloka yara da manya sunka riƙa ɓare ta saman don su ga ta ƙasan. Jam'iyya ta cika alkawari: ya samu motoci, ya samu ejan, an ɗaga hannunshi. Ya faɗi zaɓe. A rumfar Baba Audu ma bai zo na ɗaya ba. Har yau ana gardama a tasha. Wasu na cewa da ya tsaya kan ta farko da ya ci, wasu na cewa ba ejan da ko ƙuri'ar da ya samu ba a ƙirga mashi ba. Ni ban sani ba. Abin da na sani, mutane sun ga fasta biyu a bango guda, kuma sun karanta duka biyun.

Fiye da shekara ta wuce. Bayan damina ta ɗauke, wata ranar kasuwa, tasha cike, ina haɗa baƙar tawada sai na ji kabu-kabu ya tsaya. Malam Sahabi ne ya sauka. Ya rame, ba rakiya, da 'yar takarda naɗe a hannu. Ya yi sallama daga waje, na amsa daga ciki. Bai shigo ba. Masu shan shayi wurin Malam Bala sunka juyo, direbobi biyu sunka matso.

"Umaru, na kawo aiki," in ji shi. "Manoma sun haɗa ƙungiya, suna son takardar da za a manna bisa buhun iri. Amma kahin nan akwai magana." Ya juya ya fuskanci mutane, ya ɗaga murya fiye da yadda na taɓa jin ya ɗaga ta. "Jama'a, ku shaida. Hoton ga da anka goge, ni nic ce a goge. Ina tsaye kainai yag goge. Da anka tsare ni Sakkwato na ji tsoro, na aza mai. Umaru bai yi kuskure ba."

Malam Bala ya ci gaba da sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, sannan ya aje.

"Malam, ai kowa ya sani," in ji shi. "Kai kaɗai kar rage ba ka hwaɗi ba."

Malam ya sunkuyar da kai. Na goge hannu da tsumma na ce ya shigo daga rana. Na karɓi takardar na karanta: sunan ƙungiya, irin albasa, nauyin buhu. Launi guda, faranti guda, aikin yini. Na zana mashi yadda za ta fito a bayan wani kwali, na juya kwalin wajenshi.

"Haka kaka so?"

"Haka."

"Ba abin ƙarawa, ba abin cirewa?"

"Babu."

Na ciro biro daga aljihu na miƙa mashi. Ban taɓa yi wa mai kawo aiki haka ba, amma tun daga ranar ba takardar da ke shiga injina, ko ta sanata ce ko ta raɗin suna, sai mai ita ya sa hannu bisa zanen. Malam ya dubi biron, ya dube ni. Ya karɓa, ya durƙusa ya ɗora kwalin bisa gwiwa, ya rubuta cikakken sunanshi, har da kwanan wata.